Ina Son Zuwa Taron Masoya Star Trek a Bonn, Amma Yayana Ya Ce Shirme Ne

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, ina karatun injiniya a Aachen, ƙasar Jamus. Tun ina ƙarama nake kallon Star Trek, shirin talabijin na almarar kimiyya kan tafiye-tafiye a sararin samaniya, har yau shi ke ɗebe min kewa idan karatu ya yi zafi. Na ji ana taron masoyansa a Bonn mai suna FedCon, inda jaruman shirin ke zuwa da kansu. Na tara Yuro 300 daga aikin da nake yi a ƙarshen mako. Ban taɓa zuwa irin wannan taro ba, ba ni da abokiyar tafiya, ina sa hijabi, kuma ina tunanin sallah da abinci da yadda ake ɗaukar hoto da maza. Da na gaya wa Yayana, wanda shi ya tsaya min har na zo karatu, sai ya ce shirme ne da ɓarnar kuɗi. In je ko in haƙura? In zan je, ta ina zan fara?

Ɗaliba daga Aachen

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawararmu ki je, amma na yini ɗaya, ranar Asabar, ki dawo ki kwana a ɗakinki. Kuma tun kafin ki bar Aachen ki yanke abu ɗaya tak da za ki biya wa kuɗi bayan tikitin shiga. In kin yi haka, Yuro 300 ɗinki za su isa har da canji. In kin shiga ba tare da kin yanke ba, za su ƙare kafin azahar.

An fara FedCon a 1992 a Augsburg, yanzu kuma ana yin sa a otal ɗin Maritim da ke Bonn, tsakanin tsakiyar gari da unguwar Bad Godesberg, galibi a watan Mayu ko farkon Yuni, na kwana uku. Asalinsa taron Star Trek ne, amma tuni ya buɗe ƙofa ga sauran shirye-shiryen almarar kimiyya, don haka kada ki ɗauka duk baƙin da aka gayyato daga shirinki suke. Ki buɗe shafin masu shirya taron ki karanta sunayen baƙin bana ɗaya bayan ɗaya, ki kuma duba ranar da kowa zai kasance. Wani jarumin kwana ukun zai yi, wani yini ɗaya ko biyu.

Abin da sababbin zuwa ba sa ganewa da wuri shi ne kuɗin taron hawa biyu ne. Tikitin shiga yana ba ki damar zama a babban zaure inda jarumai ke hawa dandamali ɗaya bayan ɗaya suna amsa tambayoyin jama'a, da laccoci a ƙananan ɗakuna, da gasar shigar kwaikwayo, da zagaya rumfunan 'yan kasuwa da na ƙungiyoyin masoya. Hoto da jarumi kuwa, da sa hannunsa a kan hoto ko littafi, kowanne kuɗinsa daban, kowane jarumi da farashinsa. Kada ki sa ran hoto da sanannen jarumi ƙasa da Yuro 40, manyan cikinsu kuma sukan haura 100. Mafi ƙarancin albashi a Jamus a 2025 Yuro 12.82 ne a awa, ke nan hoton Yuro 60 ya ci miki aikin kusan awa biyar. A ganinmu daɗin taron yana hawa na farko, wanda kin riga kin biya. Mutumin da za ki tsaya kusa da shi na daƙiƙa goma a ɗakin hoto, shi ne za ki saurara na kusan awa guda a zaure ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

Ga yadda za mu raba kuɗin. Ki ware 90 don tikitin Asabar har ki ga ainihin farashin bana. Ki ware 80 don hoto ɗaya ko sa hannu ɗaya, 30 don kayan da za ki sa, 20 don abinci, 30 don rumfunan kasuwa. Sauran 50 ki bar su a asusu, na larura ne, kamar a ce jirgin ƙarshe ya tsere miki. Kuɗin hoto da na kasuwa ki ciro su tsaba tun daga Aachen ki zuba a ambulan. Dalili biyu ne: ba kowace rumfa ke karɓar kati ba, na'urar cire kuɗi ta kusa da irin wannan taro kuma takan yi dogon layi ko ta ƙare. Sannan idan ambulan ya zama fanko kin san an zo ƙarshe, abin da kati ba ya gaya wa mutum.

Tikiti ki saye shi a shafin taron kawai. Akwai masu tallar tikiti mai rahusa a Facebook da shafukan sayar da kayan hannu, wasu na gaskiya ne, wasu hoton tikitin da aka sayar wa mutum biyar ne. Duk wanda ya ce ki tura masa kuɗi ta PayPal a matsayin "abokai da dangi", ki rabu da shi, domin wannan hanyar ba ta da kariyar mai saye. Ki kuma sani cewa damar mayar da kaya cikin kwana 14 da dokar Jamus ta bai wa mai saye ta intanet ba ta shafi tikitin taron da ke da tsayayyiyar rana ba. Kin saya, kin saya. Wannan ya kai mu ga abin da ya fi ɓata wa mutane rai: jarumai suna fasa zuwa. Aikin ɗaukar fim ya taso, ko rashin lafiya, wani lokaci saura kwana biyu. A al'ada ana mayar da kuɗin hoton wanda ya fasa ko a musanya da na wani, amma ba a mayar da kuɗin shiga, domin taron aka sayar miki, ba mutum ɗaya ba. Saboda haka ki gwada kanki da wannan tambaya: in wanda na fi so bai zo ba, akwai wasu biyu ko uku da zan ji daɗin sauraro? In amsar a'a ce, ki jira wata shekarar.

Hanya kusan kyauta ce gare ki. Idan tikitin zangon karatunki irin na ƙasa baki ɗaya ne, kamar yadda yake a yawancin jami'o'in Jamus tun 2024, yana aiki a jiragen ƙasa na yanki da taragon cikin gari, ban da jiragen dogon zango, wato ICE da IC da EC. A manhajar DB Navigator ki zaɓi jiragen yanki kaɗai, don kada ta ɗora ki a kan wanda za a ci ki tara. RE1 ko RE9 daga Aachen zuwa Kolon kimanin awa ɗaya ne, daga Kolon zuwa Bonn kuma kimanin rabin awa a RE5 ko RB26 ko RB48. A ƙarƙashin babbar tashar Bonn ki hau layi na 66 ki sauka a Robert-Schuman-Platz, otal ɗin yana nan kusa. Ki ƙiyasta awa biyu, ki ƙara awa ɗaya a kai, domin ƙarshen mako ne ake yawan gyaran layin dogo. Daren Juma'a ki sake duba manhajar, ki kuma rubuta lokacin jiragen dawowa biyu na ƙarshe a takarda. Na kusa da ƙarshe shi ne naki, na ƙarshen na ko-ta-kwana ne.

Ki isa da wuri, domin layin karɓar shaidar shiga shi ne mafi tsawo a yinin. Ki riƙe katin izinin zamanki, ki buga tikitin a takarda ko ki adana hotonsa a waya, saboda inda dubban mutane suka taru a gini ɗaya intanet takan yi nauyi. Da zarar jadawali ya zo hannunki ki nemi wuri ki zauna minti goma da biro. Ki fara zagaye lokacin hotonki, domin shi ba ya jira: an ware wa kowane jarumi ɗan lokaci, wanda ya makara kuɗinsa ya tafi. Sai lokutan sallah. Sai zama biyu ko uku a babban zaure da ba kya son su wuce ki. Sauran yinin ki bar shi a sake. Jarumai suna magana da Turanci, laccoci da yawa kuma da Jamusanci ake yi. Tunda injiniya kike karantawa, ki duba ko Dokta Hubert Zitt, malami a jami'ar Hochschule Kaiserslautern, yana cikin masu lacca a bana. Ya yi suna wajen auna na'urorin shirin da ma'aunin kimiyyar gaske.

Yanzu maganar hoto, wadda muka ga ita ta fi damun ki. Ga yadda abin yake: za ki bi layi har bakin labule, ki ajiye jaka a tebur, ma'aikaci ya karɓi tikitinki, ya ce na gaba. Jarumin yana tsaye a gaban kyalle, fitilu a kansa. Kina isa, shi a sabonsa zai miƙo hannu ko ya ɗora hannu a kafaɗarki, domin haka ya yi wa mutum ɗari kafin ke. Ba za ki samu lokacin dogon bayani ba, don haka ki yi maganar tun a bakin labule: ki gaya wa ma'aikacin a jimla ɗaya cewa ba kya son a taɓa ki. Sannan ki shiga da hannun dama a ƙirji, da murmushi, ki tsaya taku ɗaya daga gefensa. Sun saba da wannan, tun bayan annobar korona ma wasunsu su ne ke neman a bar tazara. Abin da ke sa kunya shi ne mutum ya rasa abin yi da hannuwansa, sai ki shirya tsayuwarki tun daga gida. Wasu kan ɗaga gaisuwar Vulcan, jinsin su Spock a shirin, wato tafin hannu a buɗe da yatsu a rabe biyu-biyu. Ya kamata ki sani cewa Leonard Nimoy, wanda ya fito a Spock, ya ɗauko ta ne daga yadda limaman Yahudawa ke riƙe hannu wajen sa albarka. In wannan bai kwanta miki ba, ki harɗe hannuwa a baya kamar jami'in jirgi a bakin aiki, hoton zai fito da kyau. In kuma kina son ki huta da batun gaba ɗaya, ki zaɓi jaruma mace. Da an ba ki hoton ki duba shi a nan take. In idonki a rufe yake ko tabarau ya ɗauki hasken fitila, a lokacin ne kawai za a iya sake ɗauka.

Da mu ne ke, da sa hannu za mu zaɓa. Akwai tebur a tsakaninku, babu batun taɓawa, kuma sau da yawa akan samu rabin minti ko fiye a yi magana. Ki rubuta sunanki da manyan baƙaƙe a ƙaramar takarda ki miƙa tare da hoton, in ba haka ba za ki koma gida da sunan da ba naki ba. Hoto mai duhu alƙalamin azurfa ko na zinare yake so, kuma tawadarsa ba ta bushewa nan da nan. Ki riƙe shi a buɗe minti biyu kafin ki sa a leda, ki kuma zo da jakar takardu mai tauri don kada ya lanƙwashe a jirgi. Hotunan da aka riga aka sa wa hannu da ake sayarwa a rumfuna kuwa, ki bar su, ba ki da hanyar tantance na gaske.

Ba dole ba ne ki yi shigar kwaikwayo, da yawa da kayansu na kullum suke zuwa. Amma ga wadda ta zo ita kaɗai, shigar tana aiki: ita ke sa baƙo ya fara yi miki magana a layi. Kuma tana tafiya da hijabi ba tare da wata wahala ba. A 2019 marubuciya Blair Imani ta je babban taron masoya na Comic-Con a San Diego a shigar Geordi La Forge, injiniyan jirgi a shirin, da hijabinta, hotunan suka zagaya duniya. Mafi sauƙin ɗinki shi ne kakin zamanin Voyager, ɗaya daga jerin shirye-shiryen Star Trek: jiki baƙi, kafaɗu masu launi. Baƙar doguwar riga ko abaya da kike da ita, da rabin mita na yadi a ɗora a kafaɗu, sun wadatar. A wannan zamanin ja na shugabanni ne, ruwan ɗorawa na injiniyoyi da masu tsaro, shuɗi mai ratsin kore na likitoci da masana kimiyya, ke nan naki ruwan ɗorawa ne. A shirin asali na 1966 ja ne na injiniyoyi, kada ki ruɗe in kin ga haka. Bajon ƙirji ki sayi mai allura, domin mai maganaɗisu yana zamewa a kan yadi mai kauri. Ki cusa bakin hijabin cikin wuyan riga don launin kafaɗun ya fito. In kina son abin da ya fi rufe jiki, shigar Guinan, wadda Whoopi Goldberg ta fito a ciki, babbar riga ce sakakkiya da faffaɗar hula mai rufe gashi, sai dai hular takan tare wa na bayanki gani a zaure. Ki guji fentin fuska da kunnuwan roba da ake mannawa da gam, za su hana ki alwala. Bindigar wasa kuma ki bar ta a gida: dokar makamai ta Jamus ta hana yawo a bainar jama'a da abin da ya yi kama da bindigar gaske, masu taron ma suna duba irin waɗannan kaya a ƙofa. Takalmi ki sa wanda ƙafarki ta saba da shi, yinin tsayuwa ne.

Mutane za su nemi ɗaukar hotonki. Al'adar wurin ita ce a tambaya tukuna, kuma kina da damar ki ce a'a ba tare da bayani ba. Dokar Jamus ma ba ta yarda a wallafa hoton mutum ba da izininsa ba, ko da yake hoton cincirindon jama'a a wurin taro hukuncinsa daban. Ke ma ki tambaya kafin ki ɗauki kowa. Wanda ya matsa miki, ki je wurin ma'aikacin taro mafi kusa, aikinsu ne.

Sallah biyu ce za ta same ki a can. A ƙarshen Mayu azahar a Bonn tana shiga wajen ɗaya da rabi, la'asar wajen shida saura kwata, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare. Ki zo da siririyar darduma mai naɗewa da ƙaramar gora don tsarki. Da safe, kafin wuri ya cika, ki je teburin bayani ki tambayi inda za ki samu lungu mai shiru na minti goma, kada ki bari sai lokaci ya yi kina neman wuri. Alƙibla daga Bonn kudu maso gabas take. Batun ƙasaru ko haɗa salloli a wannan tafiya ki tambayi malamin da kike bi kafin ranar. Abinci kuwa ki zo da naki: na otal yana da tsada, layinsa dogo, kuma ba lallai ki san abin da ke ciki ba. Burodi da ƙwai, dabino, gyaɗa, da gorar ruwa da za ki riƙa cikawa a famfo, tunda ruwan famfon Jamus ana sha. Ki duba ƙa'idar shiga da abinci a shafinsu, in an hana a zaure sai ki ci a waje. In kina son abinci mai zafi, Bad Godesberg tana da gidajen abincin Turkawa da Larabawa na halal da yawa, tashoshi kaɗan ne a tarago. Da dare akan yi shagali da kiɗa da giya, ba ya cikin abin da kika zo nema, kuma daidai lokacin ne ya kamata ki kama hanyar tasha.

Zuwa ke kaɗai ba abin tsoro ba ne, amma ki gwada neman abokiya. Ki tambaya a zauren WhatsApp na ɗaliban ajinku ko na ƙungiyar ɗalibai Musulmi, a sashen injiniya da wuya a rasa mai son shirin. In ba a samu ba, layi shi ne wurin sabo. Tambayar "wane zamani na shirin kika fi so?" ta isa ta buɗe hira. In kina son yi wa jarumi tambaya a zaure, ki rubuta ta tun daga gida, jimla biyu, tambaya ɗaya, ki tashi zuwa makirufo tun farkon zaman domin na ƙarshen layi ba sa samun dama.

Saura Yayanki. Kada ki ɗauke shi abokin gaba a wannan magana. Mutumin da ya tsaya miki har kika zo Jamus, da ya ji "taron 'yan fim", abin da ya gani shi ne kuɗin makaranta na zurarewa da ƙanwarsa ita kaɗai a baƙon gari da dare. Tsoron nan biyu suna da tushe, kuma amsarsu lissafi ne, ba gardama ba. Ki tura masa rabon kuɗin kamar yadda yake a sama. Ki nuna masa daga ladan aikinki ne, ba ki taɓa asusun da aka kulle don biza ba, ba ki taɓa abin da yake aiko miki ba. Ki gaya masa ranar, da cewa ba ta faɗo a makon jarrabawa ba (ki tabbatar da hakan kafin ki faɗa), da jirgin da za ki hau da wanda za ki dawo a ciki, da cewa za ki bar masa wayarki tana nuna inda kike har ki shiga ɗaki. Garin ma ba baƙo ba ne a kunnensa, a Bonn Sashen Hausa na DW yake.

In ya tsaya a kan kalmar shirme, ba sai kin kare shirin gaba ɗaya ba. Ki ba shi labarin Mae Jemison, baƙar mace ta farko da ta je sararin samaniya a 1992, injiniya kuma likita, wadda ta sha faɗa cewa ganin Nichelle Nichols a matsayin Uhura, baƙar jami'a a shirin asali, yana cikin abin da ya sa mata wannan buri. Ita Nichols ɗin ta yi wa hukumar NASA aikin jawo mata da baƙaƙen fata su nemi shiga aikin 'yan sama jannati a 1977. Ki faɗa masa sau ɗaya, cikin ladabi, ki bar shi ya yi tunani kwana biyu. In duk da haka ya ce bai yarda ba, kada ki je a ɓoye. Hotunan taro suna yawo, kuma ranar da ya gano, ba maganar Star Trek za a yi ba, maganar amana za a yi. Ana yin taron duk shekara. Ki ajiye kuɗin, ki kawo masa sakamakon zangon nan, ki sake ɗaga maganar da wuri, wannan karon da sunan abokiyar da za ku tafi tare. In kuma ya amince, ki sayi tikitin Asabar a makon, domin ita ce ranar da ta fi cika, ki bar tikitin hoto ko sa hannu sai an fitar da jadawali kin tabbatar jarumar da kika zaɓa tana nan a ranar.